Motar Malam, Motar Kowa

Ruwan bana ya mayar da layinmu na Gesse, nan Birnin Kebbi, tafki. Masu kabu-kabu daga bakin kwalta suke tsayawa su ce iyakarsu ke nan, masu keke kuwa ko kallon lungun ba sa yi. A cikin wannan caɓi autana Bashir ya faɗo mini ranar Asabar, wando a naɗe, takalmi a hannu, baki har kunne. Ko gaisuwar kirki bai ƙarasa ba ya miƙo mini waya.

"Hajiya, dibi wagga. Tsohuwa ta, amma ƙarhe na zalla. Irin wadda Baba yat taɓa yi. An ce ko laka ko rairai ba ta tsayawa."

Na karɓa na duba. Jif ce 'yar Kwatano, an wanke ta an goge, an ɗauki hotonta gaba da baya. Na ce, "To kai da ba ka wuce sakatariya da gida, wace laka za ka shiga?" Ya nuna mini ƙofar gida ya ce ai ga ta nan. Ka ji fa. Saboda kududdufin da agwagwa ke wanka a ciki mutum zai je ya kwaso motar daji.

Garin nan yanzu cike yake da irinsu. Manyan tayoyi, gilashi a rufe, mai ita a hakimce yana hura hanci, alhali tun da aka sauke ta ba ta taka abin da ya wuce kwalta ba. Ɗigon taɓo ya taɓa ta, an garzaya wurin wanki. Ka tambaye shi amfanin ƙaramar giyar nan da ke gefen babba, sai ya hau yi maka inda-inda. Amma ba zan yi wa tsohuwar mota ƙarya ba, abin da aka gaya wa Bashir gaskiya ne. Tamu ba ta taɓa tsayawa a hanya ba, kuma ta dalilinta na rasa gonar ubana.

Shekarar da mahaifinmu ya rasu aka raba gado, aka ba ni wani yanki na fadama a bayan Argungu, can ciki, inda sai ka bar tudu ka yi ta ratsa laka kafin ka isa. Baƙar ƙasa ce mai danƙo, in ka damƙe ta a hannu sai ta fito ta tsakanin yatsu. Ina yarinya a nan nake kai wa Baba fura. A lokacin rabon ina koyarwa a firamare a Birnin Kebbi, ga aure ga yara. Yayana Mamman, uwa ɗaya uba ɗaya, yana noman nasa kason a gefen nawa, kuma tun ba a tashi daga zaman makoki ba ya ɗora ido a kan nawa. A gaban Innarmu ya tare ni.

"Kulu, ke da ka riƙon alli, mi kis sani ga hwadama? Ki ba ni aro in dinga nomawa, in aiko miki da na tuwo."

Na ce ban bayarwa. Muka yi ta sa-in-sa har Inna ta tsawatar, ta yanke mana magana. Ta ce a bar ni damina guda. In na kawo shinkafa gida, kada wanda ya sake tayar da zancen. In na kasa, in ba yayana aro ba tare da gardama ba. Na amsa da sauri, don na san abin da na taka: maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa, ya riga ya ce mini zai sayi motar da za ta shiga fadama.

A wurin gwanjo ya samo ta. Wata ma'aikata ce ta fitar da tsofaffin motocin da masu haƙa rijiyoyi suka gama wahalarwa a ƙauyuka, ya sayar da babur ɗinsa ya cika ya ɗauko guda. Ranar da ta shigo unguwa na ɗauka injin niƙa aka kawo. Fentinta ya koɗe har ba ka iya cewa ga launinta, ƙofar baya da igiya aka ɗaure ta, a ciki dogayen kujeru biyu suna kallon juna. In ka zauna a gaba zafin inji ya gasa maka ƙafa, in ka zauna a baya warin mai ya hau maka kai. Yaran unguwa suka sa mata suna Dattijuwa. Malam kuwa duk wanda ya zo sai ya buɗe masa ƙofa ya nuna masa ƙaramar giyar, ya ce in aka ja wannan, ƙafafun nan huɗu gaba ɗaya suke ja. Har mai tallan goro sai da ya sha wannan karatu.

Da ƙarfin motar muka canja iri. Baba shinkafar gargajiya yake shukawa, doguwa mai bin ruwa, in gulbi ya cika ta miƙe tare da shi, sai kaka a shiga da jirgi a yanka, jakuna su kwasa daga bakin ruwa. Ba ta da yawan amfani amma ba ta tsoron ambaliya. Malam ya karɓo wata gajera daga malaman gona, mai saurin nuna, mai cika buhu. Sharaɗinta ɗaya: ka yanke ka kwashe kafin gulbi ya hau fadama. Yaya Mamman ya juya irin a tafin hannunsa ya yi 'yar dariya ya ce Allah ya ba da sa'a.

Bazarar shekarar ta yi zafi ƙwarai. Ruwan randa kansa ɗumi yake yi, yara duk ƙuraje sun feso musu a wuya, da rana ko kaza ba ka gani a tsakar gida. Da ruwan fari ya sauka ƙasa ta tashi da ƙamshi, muka kwashi garma da iri da tukwane muka nufi Argungu. Aka yi kaftu, aka yafa iri, ta tsiro kore shar. Daga nan kowace Asabar muna hanya. Kuma a nan Dattijuwa ta nuna halinta. Inda jaki ke tirjewa ita sai ta yi gurnani ta ratsa, taɓo na tashi har saman gilashi. Sau nawa muka tarar da motar da ta fi ta kyau ta kafe, aka ɗaura igiya ta fizgo ta. Makaniken da ke duba ta ya ce in dai ana ba ta mai da ruwa, sai ta binne mu duka. Bai yi ƙarya ba, shi ma ta binne shi.

Tsakiyar damina ta zo da yunwa, don geron bara bai yi ba. Hatsi ya yi wuya a kasuwa, ni kuma ɗan abin da nake da shi na zuba wa masu cirar ciyawa. Tuwo ya koma na dare kaɗai. Da rana kwaɗon tafasa ne da ƙuli-ƙuli, in an gaji a koma rama, in an gaji da rama a jiƙa garin rogo. Itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika madafa, ido na hawaye kana fifita wuta da murfin kwano. Yara su sha ruwa su kwanta, ciki na ƙugi kana ji. In sun yi ƙorafi sai in ce su yi haƙuri, shinkafarmu ta kusa, har sai sun ture ta da ƙafa. Haka nake gaya musu, haka kuma na yarda.

To, motar da ke shiga ko'ina, kowa ma yana da inda yake son shiga. Da farko masu lalura ne, mace mai naƙuda a ƙauye, ko gawa da za a kai gida. Waɗannan ban taɓa cewa uffan ba, ko ni ce da makullin zan bayar. Sai masu kai lefe suka gano ta. Sai masu kai amarya. Sai mai rago biyu da zai kai kasuwar ƙauye, sai abokan aikin Malam da za su je gaisuwa, sai wani da ko sunansa ba mu sani ba, wai ɗan'uwan maƙwabcin limaminmu ne. Su zo da sallama mai tsawo, su yabi motar, su yabi mai ita, Malam ya washe baki ya shiga lalube aljihu. Su dawo da ita ba mai, da ɓawon rake da kashin awaki, ya ce ba komai. Mutanen da ko tsintsiya ba za su ara maka ba sai sun tambayi me za ka share. Malam mutumin kirki ne, amma a ce masa "mai mota" ya fi masa tuwon dare daɗi.

Akwai abin da Baba ke yi duk shekara. Da shinkafa ta fara fitar da kai, sai ya aika wa masu jakuna goro, su riƙe masa rana, don in kwasa ta zo kowa nemansu yake, kuma wanda ya riga aika goro shi ake fara yi wa. Babbansu, wani dattijo da ya san ni tun ina goye, har gidan Inna ya tako ya ce bai ga goron bana ba. Kafin in buɗe baki Malam ya daki ƙofar motar ya ce, "Bana dai mun hutasshe ku, Baba. Abin da jakkai ka kwasa wuni guda, ga wagga sawu biyu na." Dattijon ya dubi motar, ya dubi Malam, ya ce to madalla, ya tafi.

Shinkafa ta nuna, ta yi jawur, kai ya sunkuya don nauyi. Ko Yaya Mamman da ya zo ya tsaya a bakin gonar, wannan karon bai yi dariya ba. A makon ne masunta suka ce gulbi ya canja launi, yana tafe da ciyawa da kumfa, masu zuwa daga wajen Sakkwato kuma suka ce can ya riga ya hau gonaki. In faɗi gaskiya, Mamman ɗin da kansa ya aiko mini cewa ruwa na tafe, in yi abin da zan yi. Na sa aka kira gayya. Muka shirya ni zan riga tafiya in dafa abincin masu yanka, Malam ya biyo da mota a kwashe.

Ana gobe gayya, da hantsi, sai ga Baffa. Ƙanen mahaifin Malam ne, shi ya riƙe shi bayan rasuwar uban, shi ya sa shi makaranta, kuma bai taɓa bari an manta da haka ba. Ya zo cikin babbar riga da ɗansa mai tuƙi a bayansa, wato tun daga gida ya gama shawara. Ina bayan labule ina jin su.

"Ɗana, ɗaurin aure muka zuwa ƙauye, hanya kuwa ta ɓaci. Ba mu makullin dokin nan naka. Nan da can na."

Na yi tari. Na saki kwano a ƙasa. Na kira sunan yaron da ba ya ma gidan. Malam ya ji ni sarai, amma ya durƙusa ya miƙa makulli da hannu biyu, har da cewa an cika ta da mai. Man da na hana yara kifi na saya.

Da suka tafi na fito. "Malam, gobe fa a gayya."

"Baffa na, Kulu. Ƙaƙa zan ce mishi a'a?"

"To ka tambaye shi yaushe za shi maido ta?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. A gidansu ba a tambayar babba yaushe zai dawo da abin aro. In ka tambaya ka ce masa ɓarawo ke nan. Ya ce ai na ji da kunnena, nan da can ne, in je in fara, yana nan tafe.

Na hau motar haya na tafi. Gayya ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Maza suka jeru da lauje, mai ganga na binsu, mata muna kai fura da tuwo a kai, laka har ƙwauri. Rana ta buɗe bayan ruwa, irin zafin nan mai ɗanshi da ke sa riga ta manne a baya. Sauro da rana tsaka, matsattsaku a ƙafa, ƙaiƙayi a wuya, amma ana yi ana shewa. Kafin la'asar an kwantar da gonar gaba ɗaya, an ɗaure dammuna an tara su tsibi-tsibi. Na tsaya ina kallonsu zuciyata fal, na ce yau Mamman zai san alli ba ya hana noma. Sai na juya wajen tudu ina kasa kunne, don Dattijuwa tun daga nesa ake jin ta. Ban ji komai ba sai kwaɗi.

Washegari ma shiru. Na ba direban motar haya saƙo, sai ga Malam ya zo a motar hayar, hannu na dukan cinya.

"Ina mota?"

"Ba su dawo ba tukuna."

"Ka aika?"

"In aika in ce mi? In ce Baffa ya riƙe min mota? Duniya ta ji?"

"Duniya ta ji mana! Duniya za ta ba ɗiyanka tuwo?"

Ƙauyen da suka je ba a bayan duniya yake ba, mai keke zai je ya dawo. Na roƙe shi, na yi kuka, na ce ni zan aika da sunana, ya ce in na yi haka na tozarta shi har abada. Na tafi wurin dattijon masu jakuna da goro a hannu. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce, "Ɗiyata, ranakkun duk an riƙe. Malam ya ce ya hutasshe mu, mu kuwa munka ba wasu." Ban ga laifinsa ba, jakunan a gabana suke wucewa da dammunan mutanen da suka aika goro a kan lokaci.

Muka koma ɗauka a kai. Ni, da matan gidanmu, da Malam da kansa, ma'aikacin ofis da bai taɓa ɗaukar abin da ya fi jaka ba. Ya tuɓe riga ya ɗora dami, ya yi taku kaɗan santsi ya kwashe shi, ya tashi ya sake ɗorawa. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma ya fi tausayin yawa. Mutum ya yarda ya faɗi a taɓo a gaban surukansa, amma ba zai iya aika yaro ya ce Baffa a taimaka ba.

Ruwan bai zo da hayaniya ba. Ta cikin ciyawa ya silalo, da farko ka ga sawunka na cika, can ka ji sanyi a idon sawu, can ya kai gwiwa. Ya wuce na jaki, bai kai na jirgi ba. Sama kuma ta haɗo ta yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa. Tsibin dammuna suka jiƙe daga ƙasa, suka jiƙe daga sama. Lokacin da ruwan ya isa jirgi ya shiga, masu jirage na ta nasu, kuma da muka samu guda muka isa, shinkafar ta tsiro a jikin dami, fararen saiwoyi sun kama juna, tsakiya ya yi zafi yana wari kamar tsamin giya. Na cusa hannu na zaro, ta narke mini a tafi. A cikin jirgin na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar Baba.

Sai da komai ya ƙare Dattijuwa ta dawo, lafiyarta lau, da ragowar ƙyallen ado a madubi. Ashe bayan ɗaurin aure an kai amarya, an koma an kwaso gara, sannan Baffa ya ara wa wani amininsa ya kai buhunan albasa, don ya ga motar ɗansa Malam ce, ba ta wani ba. Ya sauko yana murmushi, ɗansa na biye da zabi biyu a ɗaure.

"Ɗana, motag ga taka ba ta da wasa! Ko sau guda ba ta yi muna gardama ba."

Aka gaya masa abin da ya faru. Ya yi salati, ya tafa hannu, ya ce, "Ashsha! Kai ko, mi ya hana ka magana? Da ka aiko ai da an maido maka tun ranar." Malam ya sunkuyar da kai ya ce ba komai, Baffa, haka Allah ya so. Har godiyar zabin ya yi. Ni na dafa su, amma ban ci ba.

Abin da muka tsira da shi a kai bai kai mu ko'ina ba. Shekarar nan yarana sun san garin rogo kamar sunansu, ni kuma na daina yi musu alkawari. Da kaka Inna ta tara mu. Ba ta yi dogon zance ba, ni ma ban yi ba. Na ce Yaya ga gona nan, aro. Ya ce, "Aro na mana, Kulu. Duk randa kika so, taki ta."

Motar kuwa na rantse ba zan sake shigarta ba, Malam ma ya daina nuna wa baƙi ƙaramar giya. Da ya sa ta a kasuwa, Yaya Mamman ne ya saya. Ranar da ya kai ta Argungu ya sa aka kwance kujerun baya aka jefar, aka cire ƙofar nan mai igiya, ya loda mata takin shanu har sama ya kai gona, ya dawo bai wanke ba. Masu lefe suka zo suka leƙa, suka toshe hanci suka koma. Mai naƙuda da gawa yana kai su da kansa, a shimfiɗa tabarma. Ban da su ba wanda ya sake zuwa aro. Gajerar shinkafar nan da ya yi wa dariya ita yake shukawa, kuma bai taɓa fasa aika wa masu jakuna goro ba.

Inna ta rasu, Baffa ya rasu, Malam ya rasu. Dattijuwa tana nan, an sake mata inji, an yi mata walda har ba a san asalin jikinta ba, amma tana shiga fadama tana fita. Yaya Mamman ya tsufa, ido ya yi rauni, 'ya'yansa ke noman, kuma ƙananansu ban tabbata sun san akwai wani yanki da ake kira na Kulu ba. Duk kaka yana sa a ɗora shi a gaban motar a kawo shi Gesse. Tun daga kwana nake jin gurnaninta, in gyara zama, in shirya maganar gonata da zan yi masa, don na shekara ina tsara ta. A sauke buhu ɗaya a zaure. A riƙo hannunsa a shigo da shi, ya lalubi tabarma ya zauna, ya ce, "Kulu, ga na tuwo."

Sai in durƙusa in ce, "An gode, Yaya. Allah shi ƙara arziki."